Idan rezo ya ɗauke, da me za a yi magana?

Maigida, wani ɗan kasuwa nan Tawa yana son hanyar magana da yaransa na lambun albasa, kilomita 15 daga gari, duk lokacin da rezo ya ɗauke. In sayo masa oba-oba mai ƙarfi?

Tsaya tukuna, Sani. Fara da wuta. Ka ga yadda aka sha duhu bayan Najeriya ta yanke wa ƙasarmu Nijar lantarki a watan Agusta 2023; wayar da ba caji, ko rezo ya cika ba ta da amfani. Haɗa masa faifan sola mai wat 100, regilata mai daidaita cajin batir, da batir mai volt 12, 100Ah. Kada a sha batirin ya wuce rabi, kuma a ajiye shi a inuwa, don zafi ke kashe shi da wuri. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙurar faifan.

Sai ya riƙe layi biyu na kamfani daban-daban, misali Airtel da Moov. In kira ya ƙi shiga, ya mai da wayar kan 2G ya tura saƙon rubutu, sau da yawa shi yana wucewa.

To, oba-oba. Masu saye wat suke tambaya, alhali aikin na eriya ne. Igiyar VHF, wadda oba-oba ke aiki da ita, kusan miƙe take tafiya, ba ta haye tsauni. Ta hannu mai wat 5, cikin gari, in ka samu kilomita 2 zuwa 5 ka gode Allah. Amma ɗaga eriya mita 9 a kanti, mita 9 a lambu, a shimfiɗaɗɗen fili za su ga juna har kilomita 20 da wani abu. Nan Adar duwatsu ne matsalar. Je da oba-oba biyu, hau rufin soro ka gwada kafin a sayi ko ƙusa.

Wajen haɗa oba-oba da eriya, kebul siriri, RG-58, yana shanye ƙarfi in ya yi tsawo; sa mai kauri, RG-213. Naɗe mahaɗin da tef sosai, ruwan damina in ya shiga kebul ya gama aiki. Sandar eriya a ɗaure ta da wayar da aka kafa cikin ƙasa saboda tsawa. Kuma kada ka kuskura ka danna maɓallin magana babu eriya a jiki, ƙarfin zai dawo ciki ya ƙone taransistar da ke tura magana.

Ba a hawa mitar rediyo da ka. Ɗan kasuwar ya je ARCEP, hukumar kula da harkar sadarwa, ya nemi izini, kada ya faɗa kan ta jami'an tsaro, mu da muka haɗa a zo nemanmu.