Tankin Kifin Teku da Kuɗi Kaɗan: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Yarana sun matsa sai mun ajiye kifin teku a gida. Babu wanda ya taɓa kiwon kifi a cikinmu, kuɗin kuma ba yawa. Ina tunanin sayen ɗan tanki mai lita 20. Ya dace?

Amsa: 'Yar uwa, kada ki sayi mai lita 20. Ruwa kaɗan saurin canzawa yake yi. Idan rabin lita ya tashi ya bi iska, gishirin yana nan bai tafi ba, sai ruwan ya ƙara kauri, kifi kuma ba sa jure irin wannan sauyi. Nemi mai cin lita 75 zuwa 120. Na hannu ma ya yi, nan ne wurin tsimi: cika shi da ruwa a waje kwana biyu ki ga ko yana yoyo, ki kuma tambayi mai shi ko an taɓa zuba maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe, don ragowarsa na kashe jatan lande da dodon koɗi. Kada sabulu ya taɓa shi. Teburin da za ki ɗora shi ya zama mai ƙwari, lita 100 na ruwa ya haura kilo 100.

Fitilar murjani mai tsada da injin cire datti ta hanyar kumfa za su iya jira. Abin da ba ya jira shi ne injin motsa ruwa, hita mai riƙe zafi a digiri 24 zuwa 26, duwatsu masu ramuka, da kayan gwajin ruwa.

Tambaya: Zan iya amfani da gishirin girki da ruwan famfo?

Amsa: A'a, Malam. Gishirin tanki haɗi ne na musamman mai kalsiyam da magniziyam da sauran ma'adanan teku. Wajen giram 35 a kowace lita ake nema, ma'aunin gishirin ruwa ya nuna 1.025 ko kusa. Rifaraktomita, na'urar auna gishiri da haske, ya fi ma'aunin roba mai allura gaskiya, kuma ya cancanci kuɗinsa. Ruwan famfo yakan zo da kilorin da sinadaran da ke ciyar da gansakuka, don haka tataccen ruwan RO, wanda inji ya tace ya cire masa sinadarai, ya fi. Ka koya wa kowa a gidan: ruwan da ya ƙafe da ruwa marar gishiri ake cike shi.

Tambaya: Na haɗa wa ƙanena tanki jiya. Yaushe za mu sa kifi?

Amsa: Ku dakata mako 4 zuwa 6, kuma a nan ne na fi jin tausayin kifi, domin gaggawa ta fi rashin kuɗi kashe su. Kashin kifi yana zama amoniya, guba ce. Sai wasu bakteriya sun zauna a duwatsu suna mayar da ita naitirait, shi ma guba, wasu kuma su mayar da shi naitiret mai sauƙin illa. Jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe a tankin, ku riƙa gwaji. Ba wa ƙanenka aikin rubuta sakamakon, zai rage masa ƙosawa. Idan amoniya da naitirait sun hau sun sauko sifiri, an shirya.

Ku fara da ƙananan kifin Amphiprion ocellaris guda biyu, masu ruwan lemo da ratsin fari uku, waɗanda aka ƙyanƙyashe a tanki. Ba sa buƙatar animoni, halittar teku mai kama da fure da suke fakewa a cikinta. Shuɗin kifin tang kuwa ku ƙyale shi, girma yake yi ya fi ƙarfin tankinku.

Mutum ɗaya ya riƙe ciyarwa. Idan kowa ya wuce ya yayyafa, ruwa zai lalace. Abin da za su cinye cikin minti biyu ya isa, sannan a canza kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako da sabon haɗi da aka kwaɓa tun jiya.