Shin "mata haka suke" hujja ce?

Tambaya: Malam, Allah ya gafarta maka. Ina zaune a Aboabo, Kumasi. Abokaina sun ce mace ba ta faɗin abin da ke ranta, idan ta ce "ba komai" to akwai komai. Uwargidana ta ce mini ba ta son zama gida ɗaya da amarya, na ɗauke shi maganar mata kawai. Yanzu ta yi yaji. Ina da laifi?

Amsa: Da sunan Allah. Ɗan'uwa, shari'a ba ta musun bambanci ba: "Namiji ba kamar mace yake ba" (Ali Imrana, aya 36). Har hukunci ta gina a kan abin da ya fi yawa. A'isha ta ce wa Annabi (SAW) budurwa tana jin kunya idan aka nemi izininta kan aure, sai ya ce shirunta shi ne yardarta. Amma dubi sauran hukuncin: bazawara sai ta furta da bakinta. Dukansu mata ne, ba a zuba su a kwando ɗaya ba.

Saboda haka maganar abokanka tana da gurbinta. Idan matarka ta ce "ba komai" amma ta ajiye maka tuwo ba ta ko dube ka ba, zauna ka sake tambaya a hankali. Iyakar amfaninta ke nan, ta sa ka ƙara kasa kunne.

Kai kuwa ka juya ta ka toshe kunne da ita, kuma nan ne nake jin nauyin lamarin. Matarka ba ta yi kewaye-kewaye ba, ta faɗa ƙarara. Khaula 'yar Sa'alaba ta kai ƙarar mijinta tana nanatawa, Allah ya saukar da farkon Suratul Mujadala cewa ya ji ta. A sulhun Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, shawarar Ummu Salama, matar Annabi (SAW), ce ta warware abin da ya cije wa maza. Kuma duk wanda ya taɓa ciniki da Hajiya mai atamfa a kasuwar Kejetia ya san ba ta ɓoye farashi, alhali namiji sai ya kasa ɗaga kai gaban surukinsa.

Zato ba ya ture furuci bayyananne. Ka yi kuskure, kuma malamai sun tabbatar wa mace haƙƙin mazaunin da ba za a tilasta mata haɗuwa da kishiya ba sai da yardarta. Ka ɗauki dattijo ɗaya, ka je biko, ka ba ta haƙuri, ku yi maganar ɗaki.

Allah ne Mafi sani.