Ƙusar da ta ci mini fili

Ka ce mai mota yana so a ɗauke batir daga gaba a mai da shi kofur, wato but ɗin baya, kana tambaya ko disjonkter za ka sa (makunnin da ke faɗuwa da kansa in wuta ta yi yawa) ko fizibil (fiyus, mai narkewa ya yanke wuta), kuma na amper nawa. To ajiye wayar nan tukuna, yaro. Shekara uku kana garajin nan, sai yau ka yi tambayar da ta isa in bar shayina ya huce.

Yadda ake jan kabul da ɗaurin mas, wato wayar da ke haɗa batir da jikin mota, ba zan ɓata yawuna a kai ba, wanda bai iya wannan ba ya koma wankin mota. Abin da nake so ya zauna maka shi ne, fizibil ɗin nan kabul yake gadi. Lokacin da batir ke gaba, tsakaninsa da demarer, wato sitata mai tayar da injin, bai fi kamu biyu ba, shi ya sa tsofaffin motoci da yawa ba su da komai a wurin. Da ka kai shi baya, ka shimfiɗa mita huɗu ko biyar na jan ƙarfe mai wuta dare da rana, ko da makulli yana aljihun mai mota. Ranar da robarsa ta goge ya taɓa jikin mota, batir mai lafiya zai zubo abin da ya haura amper 1000. Walda ke nan, sai dai babu mai riƙe da ita.

A 1994, shekarar da aka karya darajar sefa, kayan gyara suka ninka kuɗi a wata ɗaya. Wani ɗan kasuwa ya kawo mini Fijo 504 da direbansa ke yin Tawa zuwa Konni da ita. Ruwan batir ya cinye mazauninsa na gaba, shi kuma ya samo wani ƙaton batir na babbar mota da ba ya shiga ƙarƙashin kapo, wato murfin injin. Ya ce in kai shi baya. Na ce sai an yi aike Kano an sawo fizibil babba. Ya yi dariya, ya ce wai kuɗi nake nema, ubansa ya yi tuƙi shekara ashirin bai taɓa jin wannan ba.

Ni kuma lokacin ƙuruciya na ɗibata, ban so a ce aiki ya gagare ni. Ina da fizibil na faranti, irin na dumama injin gazuwal na Marsandi, amper 80. Na haɗa biyu na ɗaure. Na murza makulli sau goma a gaban mutumin, injin da ɗumi, tana tashi bugu ɗaya. Ya biya ni rabin kuɗina, ya ce sauran sai ya dawo.

Sai hunturu ya shigo. Ka san sanyin asubar Adar, mai ya yi kauri, injin ya yi nauyi. Direba ya riƙe makulli yana ta murza, farantan suka narke. Fasinja sun cika mota, yana tashar Badagishiri, ba mai sayar da irinsu. Me zai yi? Ya samo ƙusa mai kauri, ya buga mata guduma ta yi faɗi, ya ɗaure a gurbin. Mota ta tashi, har ya ji daɗi ta fi dā ƙarfi. Sati uku yana yawo da ita haka, jak yana kwance a kan kabul yana gugarsa a kowane rami. A hanyar dawowa daga Konni, da jarkoki huɗu na man Najeriya a kofur, robar ta huje. Allah ya kiyaye rayuka, kowa ya fita da ƙafarsa, amma motar ko taya ba ta rage ba.

Da hannuna na tono ƙusar nan cikin toka, tana ɗaure a inda na sa farantai. Na kai ta gaban manyan tasha. Mutumin ya dube ni ido cikin ido ya rantse cewa ni na sa ta tun farko, direbansa ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba, don abincinsa yana hannun maigidansa. Shi mai kuɗi, ni yaro mai sufana uku. Aka yanke in biya rabin mota. Filin da na saya zan gina ɗakin aure, shi na sayar. Yau in na bi ta wurin, bene ne a kai. Rabin kuɗin aikina kuwa har gobe bai biya ba, kuma muna haɗuwa a jana'iza yana miƙo mini hannu.

Ƙarya ya yi mini, amma ni na buɗe mishi ƙofa. Da na sa wanda ya isa, da bai tsinke ba, da direba bai nemi ƙusa ba.

Demarer na injin mai silinda huɗu na fetur yakan ja amper 150 zuwa 200 yana juyawa, kuma a bugun farko yana zarce haka nesa, na ƙiftawar ido. Na gazuwal ya fi haka sosai. Don haka kake neman fizibil mai haƙuri, irin MEGA ko ANL, masu ɗaure da noti biyu, waɗanda ba sa narkewa don wannan ɗan bugun. Ni a hannuna, kabul mai kaurin milimita murabba'i 35 ina sa mishi fizibil na amper 200 zuwa 250, mai 50 kuma 300, shi nake ja wa gazuwal. Kabul ke faɗa maka iyakar sama, demarer ke faɗa maka iyakar ƙasa. In suka ƙi haɗuwa, kabul ɗinka ne ya yi siriri, ka canza shi, kada ka ƙara lambar fizibil. Kuma ka kankare bakin kabul da wuƙa kafin ka biya. In ka ga fari a ciki, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, bai ɗaukar abin da na gaske ke ɗauka. Gara ka tafi wajen masu walda ka sayi nasu.

Wurin sa shi, kusa da kan wuta na batir, kada ya wuce taƙi ɗaya. Duk abin da ke tsakanin batir da fizibil ba mai gadinsa. Na ga yaran yanzu suna kai shi gaba kusa da injin wai don ya yi kyau a hoto. Mita biyar tsirara ke nan.

Disjonkter kuwa, ku shi kuke so, don dannawa kawai ake yi, kamar waya. Na gida da ake sa wa layin NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar, kada ma ka kawo mini shi, ba a yi shi don wutar batir ba. Waɗannan masu ɗan jan hannu da ke cika kasuwa, zafi ke sa su faɗuwa, kai kuma ka san kofur a watan Afrilu a Tawa, ƙwai zai dahu a ciki. Zai faɗi ba dalili, ko bakinsa ya ƙone ya riƙa shan wutar demarer, mai mota ya zo yana cewa batir ɗinsa ya mutu. Mai kyau yana nan, amma kuɗinsa ya sayi fizibil da yawa.

In mai motar ya yarda ya kashe kuɗi, akwai wadda ta fi: ka sa solenoyid, wato makunnin da ke jona wuta in an murza makulli, a baya kusa da batir, babban kabul ya zama ba wuta sai lokacin tayarwa, sannan ka ja wani na dabam daga altarnater mai cajin batir, da nasa fizibil. Masu yarda da wannan ba su da yawa.

Ka sayo fizibil biyu, ka ɗaure na biyun da waya a gefen na farko, ka nuna wa direba da yatsa, ba mai mota ba. Batir ɗin ka ɗaure shi cikin akwati, ka fitar da tiyon numfashinsa waje. In ya ce ba zai biya kuɗin fizibil ba, miƙa mishi makullinsa, kada ka sa ko sufana ɗaya. Buɗe gwangwanin madarar can na saman kanta, ƙusar tana ciki. Ka duba ka mayar mini da ita.