Tambaya da Amsa: Birbiri a Silin, Maciji a Tsakar Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da muka tare a gidanmu a wata sabuwar unguwa da ke bayan garin Zariya, kuma tun daminar bara birbiri suka mamaye mana silin. Da magariba sai mu ga suna ta fitowa daga bakin kwano, kashinsu yana zubowa ta gefen silin ɗin ɗakin yara, ga wari, ga tsuwa cikin dare. Wani maƙwabcina ya ce in turara barkono ko in fesa fiya-fiya, sannan in sa kafinta ya toshe ko'ina. Mene ne shawararku?
Daga wani magidanci, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar maƙwabcinka ita ce wadda aka fi bayarwa, kuma ita ce wadda aka fi yin da-na-sani a kanta. Idan ka fesa guba ko ka toshe hanya alhali suna ciki, can za su mutu a saƙo-saƙon katako inda hannu ba ya kaiwa, warin da kake kuka da shi ya ninka, waɗanda suka galabaita kuma su riƙa faɗowa cikin ɗaki inda yara za su ɗauka da hannu. Ita kanta fiya-fiya ba abar wasa ba ce a saman ɗakin da ake kwana, domin tururinta yana saukowa. Ka tuna cewa a 2019 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni saboda rayukan da ake rasawa ta dalilinsa. Ban da wannan, kulle mai rai har yunwa ta kashe shi ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san hadisin matar da ta tsare kyanwa.

Birbiri ba jemagen nan ba ne mai cin 'ya'yan itace wanda ke rataye a manyan bishiyoyi. Shi ƙwari yake ci, sauro da fara da tsutsar gona idan ta yi fiffike, kuma bai shigo gidanka don wani abu ba sai don ya sami wuri mai ɗumi da duhu wanda ya yi kama da kogon itace. Ƙofar da yake bukata ba ta wuce kaurin ɗan yatsa ba, kuma galibi tana tsakanin kwano da bango, ko a bayan katakon da aka zagaye bakin rufi da shi, ko a wurin da mai gyaran wuta ya huda ya shigar da waya ya tafi abinsa.

Ka fara da tsayar da mutum a kowace kusurwa ta gidan daga faɗuwar rana zuwa isha, kwana biyu ko uku a jere, kowa ya lura da inda suke fitowa. Da safe za ka ga alamar da idonka: bakin ramin ya yi baƙi da maiƙon jikinsu, ƙasansa kuma ga kashi kamar ƙwayar shinkafa, wanda ke rugurgujewa ya zama gari idan an taka shi. Daga nan sai kafinta ya toshe duk sauran ƙofofin da ragar waya ko siminti, ya bar babbar guda ɗaya. A kan wannan sai a rataya yankin gidan sauro, a kafe shi ta sama da gefe biyu, a bar shi ya sauko kamar kamu guda a ƙasan ramin, bakinsa na ƙasa a buɗe. Idan dare ya yi za su sulalo ta ƙarƙashin ragar su fita, amma da asuba sun dawo kai tsaye za su nufi ramin da suka sani, su tarar da raga a gabansu. A bar ta haka har mako guda, domin ba duka ke fita a dare ɗaya ba, sannan a cire a toshe.

Lokacin yin aikin ma yana da muhimmanci. Galibi da damina suke haihuwa, sa'ad da ƙwari suka yawaita, kuma 'ya'yan sukan yi makonni ba su iya tashi ba. Idan aka hana uwaye komawa a wannan lokaci, 'ya'yan ne za su mutu a ciki. Saboda haka ka daure zuwa hunturu, kafin nan kuma ka liƙe gefen silin ɗin daga cikin ɗaki don kashin ya daina zuba. Wanda zai kwashe kashin ya sa takunkumi da safar hannu, ya yayyafa ruwa tukuna don kada ƙura ta tashi, domin akan sami wani nau'in funfuna a cikinsa mai kama huhu. Kada a taɓa birbiri da hannu tsirara. Idan ya ciji wani, ko da ba a ga jini ba, a wanke wurin da sabulu da ruwa tsawon minti 15 a tafi asibiti, domin jinsin jemagu suna ɗauke da ƙwayoyin cuta dangin na haukan kare, kuma ɗaya daga cikin ƙwayoyin cutar a Legas aka fara gano ta a 1956.

TAMBAYA: Sau biyu yarana suna ganin maciji kusa da akurkin kaji. An ce in zuba baƙin mai ko kananzir a gindin katanga. Shin yana korarsa?
Daga wata uwargida, Gombe

AMSA: Hajiya, baƙin mai zai ɓata miki ƙasa, ya iya kaiwa ga rijiya, macijin kuma ya bi ta wani gefen. Abin da ya kawo shi ɓera ne da ƙwai da 'yan tsaki, ɓeran kuma tsabar da ke kwana a ƙasa ce ta kawo shi. Ki sa a riƙa share ragowar abincin kaji kafin magariba, a ɗaga akurkin daga ƙasa a zagaye shi da raga mai ƙananan ido, a kwashe tarin bulo da itacen girki daga jikin bango, a nome ciyawa, a kuma rufe bakin kwata da ragar waya. Rage ɓera riba biyu ce, tunda shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa.

Idan aka gan shi, a janye yara, a buɗe masa hanyar fita, a tsaya nesa ana kallon inda ya nufa. Mutane da yawa wajen ƙoƙarin kisa ake sarar su. Yankinku yankin kububuwa ne, wadda dafinta ke hana jini daskarewa, shi ya sa asibitin masu saran maciji yake a Kaltungo. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, kada kuma a ɓata lokaci wajen baƙin dutse. A cire zobe da awarwaro, a hana mutumin tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa inda ake da allurar kashe dafi. In kuwa maciji mai tofi ne ya tofa a ido, a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa kafin a kama hanya.

TAMBAYA: Mujiya ta yi sheƙa a rufin benenmu, mutanen gida duk sun tsorata, suna cewa a kashe ta.
Daga wani ɗalibi, Maraɗi

AMSA: Ɗana, ka kwantar musu da hankali. Tsuntsuwa ce kamar kowace, kuma ɓerayen unguwarku take ci kowane dare. Hucin da kuke ji kamar na mai minshari, yawanci kukan 'ya'yanta ne suna neman abinci. Sukan yi kusan wata biyu kafin su tashi, don haka ku jira sai kun tabbatar sheƙar ta zama wayam, sannan ku share wurin ku sa raga a tagar da take shiga.