Tambaya da Amsa: Faɗin abin da na iya, cusa kai ne?

Assalamu alaikum Baba. Na karanta aikin akanta, na gama bautar ƙasa, yanzu ina neman aiki. Watan jiya na shiga intabiyu a wata ƙungiya a nan Gombe. Da aka ce in faɗi abin da na fi sauran masu nema da shi, sai bakina ya yi nauyi, na ce in Allah ya yarda za su gani. Ban samu ba. Daga baya wata daga cikin masu yi mini intabiyun ta ce mini wai ban iya tallata kaina ba. Mu kuwa a gida an koya mana yabon kai jahilci ne. Shin mu kaɗai muke ɗaukar wannan aibi? Turawa ba sa jin kunyarsa ne?

'Yarka daga Jekadafari, Gombe

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya kawo rabonki. Ba mu kaɗai ba ne, su ma Turawan bakinsu bai zo ɗaya ba.

A Turanci idan aka ce mutum "pushy" ne, ba yabonsa aka yi ba, ana nufin mai ture jama'a don ya shige gaba. Mutanen Ingila kuma suna zargin wanda ke busa wa kansa ƙaho. Sai dai suna da wata kalmar, "assertive", ta wanda ke faɗin magana kai tsaye ba tare da ya taka kowa ba, ita kuwa yabo ce. A Amurka har karin magana gare su, cewa ƙafar amalanken da ta fi ƙara ita ake sa wa mai. Irin wannan ne matar da ta yi miki maganar take nema daga gare ki.

Rashawa sun fi kusa da mu. Ina da maƙwabci likita a nan Bauchi, cikin waɗanda suka yi karatu a Tarayyar Sobiyet a shekarun 1980, shi ya fara jawo hankalina ga wannan. Haruffan Rashanci 33 ne, na ƙarshensu ana kiransa "ya", kuma "ya" ɗin ita ce "ni" a harshensu. Idan yaro ya cika "ni, ni", sai a tuna masa cewa "ni" ai ita ce harafin ƙarshe. Wanda ya yi tsalle ya fito gaba ba a kira shi ba suna ce masa "viskocka", daga kalmarsu ta zabura waje, kuma raini ne. Duk da haka suna da "probivnoi", mutumin da ke huda bango ya samo takardar da kowa ya kasa samowa a ofis, shi kam kowane gida na son a ce yana da irinsa. Faransawa kuma mai son a gan shi sunansa "m'as-tu-vu", ma'ana "ka gan ni?". Mutanen Japan cewa suke ƙusar da ta ɗago kai ita guduma ke samu.

To dawo gida ki duba namu: shisshigi, katsalandan, karambani, zaƙewa, iyayi, rawar kai, cusa kai ba kwarjini. Ki lura da kyau, yawancinsu suna magana ne a kan wanda ya shiga inda ba a gayyace shi ba, ko ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Ke kuwa takarda aka aiko miki, aka ba ki kujera, aka tambaye ki. Wanda aka kira ya amsa bai yi cusa kai ba.

Na san inda nauyin bakin ya fito, kuma ba na so ki raina shi. A Gombe ga kunyar Hausa ga kuma abin da Fulani ke kira semtende, an raine ki a kan duka biyun. Amma tsarinmu na da can yana da wanda ke yi wa mutum magana. Sarki ba ya busa wa kansa kakaki, akwai mai busa masa. Saurayi ba ya zuwa neman aure da bakinsa, baffanni ke zuwa su faɗi halinsa da sana'arsa. Yaron da ya koyi ɗinki, maigidansa ke cewa ya ƙware. Shirun mutum yana da kyau ne saboda akwai mai faɗa a madadinsa. A ɗakin intabiyu babu baffa, babu maigida, kuma mutanen ba su san gidanku ba. Idan kika yi shiru, babu wanda zai cike gurbin.

Ta fuskar addini ma akwai haske. Allah ya hana mu tsarkake kanmu a Suratun Najmi, aya ta 32, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Abdurrahman ɗan Samura neman shugabanci. Amma a Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusuf da bakinsa ya ce wa sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, domin shi mai tsarewa ne, masani. Abu biyu kawai ya ambata, kuma duka biyun aikin ne ke buƙatarsu. Malamai sun kafa hujja da wannan cewa ya halatta mutum ya faɗi abin da ya iya a wurin waɗanda ba su san shi ba, in dai gaskiya ce kuma akwai buƙata. Ga shi aikin nasa ma na tsaron dukiya ne, irin naki.

Saboda haka a karo na gaba kada ki ce kin fi kowa, kada ki ce ke mai gaskiya ce ko mai ƙwazo. Ki faɗi abin da hannunki ya yi. A inda kika yi bautar ƙasa, wane littafin kuɗi kika riƙe? Albashin ma'aikata nawa kika shirya? Kin taɓa gano kuskure a lissafi kin gyara? Kin iya aiki da Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta? Ki rubuta waɗannan a takarda, ki zaunar da yayarki ta yi ta tambayarki kina amsawa da ƙarfi har bakinki ya saba. Ki shiga da sallama da ladabinki kamar kullum. "In Allah ya yarda" ɗin ma kada ki bar ta, ki faɗe ta bayan kin gama lissafa ayyukan.