Tambaya da Amsa: Ina zan yi nutso da silindar iska a ƙasar Katsina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na koyi nutso da silindar iska lokacin da nake karatu a Misra, har na karɓi takardar matakin farko. Yau shekarata biyu da dawowa gida Daura, ban sake shiga ruwa ba, kuma abin yana raina. Zan iya yi a dam ɗin Sabke ko na Zobe? Na kuma ji an ce tudun ƙasa yana canza lissafin nutso. Ya shafe mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da ta biyun, don ita ake rainawa. E, ya shafe mu. A ƙa'idar masu koyar da wannan sana'a, duk ruwan da ya haura mita 300 sama da teku nutson tudu ne, Katsina da Daura kuwa suna wajen mita 500. Ido bai nuna maka, don ƙasar shimfiɗe take, amma a kan tudu muke zaune.

Ga dalili. Kana ƙarƙashin ruwa jikinka yana tsotsar naitirojin, wani sinadari da ke cikin iskar da kake shaƙa. Idan ka taso, sai ya nemi hanyar fita, kuma iyakar raguwar matsin iskar da ka tarar a sama, iyakar gaggawarsa. In ya yi gaggawa sai ya zama kumfa cikin jini da gaɓoɓi, abin da ke jawo ciwon gaɓɓai, wani lokaci har shanyewar jiki. A wajenmu matsin iska ya gaza na bakin teku da kusan kashi 6 cikin 100, saboda haka nutson mita 18, iyakar da takardarka ta yarje maka, lissafinsa na mita 19 ne da ɗoriya. A Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, ya kusa mita 21. A tafkin Titicaca da ke tsakanin Peru da Bolibiya, mita 3,812 sama da teku, wannan nutson dai ya kai lissafin mita 28. Namu bambancin kaɗan ne, amma ba a yi masa ko oho: ka duba agogon nutsonka, mai lissafa maka zurfi da lokaci, ko yana gane tudu da kansa ko sai an saita shi, ka taso a hankali kada ka wuce mita 9 a minti ɗaya, ka kuma tsaya minti 3 kafin ka fito sarari.

To, maganar dam. Gaskiya ɗaya ce, ba zan ba ka shawarar Sabke ba, haka Zobe ta Dutsin-Ma, haka Jibiya da Ajiwa. Ba zurfi suka rasa ba, gani suka rasa. Na taɓa nutso a irin wannan ruwa bayan damina, na kai agogon hannuna dab da gilashin fuska kafin in iya karanta lamba, abokin nutsona kuwa sai da igiya na san yana nan. Kai da ka saba da Bahar Maliya, inda kake hango kifi daga nesa, wannan wata duniya ce daban. A cikin duhun nan akwai tsofaffin ragar masunta da ƙugiyoyin mamari, akwai kututturan itatuwan da ruwa ya ci lokacin da aka datse kogi, akwai kuma bakin bututun da ke jan ruwa, wanda in ya riƙe mutum ƙarfi ba ya ƙwatarsa. Ga tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga dodon koɗi ta ratsa fata. Masu shiga irin wannan ruwa ma'aikata ne na ceto ko na gyara, da horo na musamman, da igiya, da mutane a bakin ruwa, da izinin hukumar dam da sanin sarkin ruwa.

Wani abu da ke tayar mini da hankali shi ne cikon silinda. Don Allah kada ka kai ta wajen mai faci. Injinsa ba zai ma kai matsin da ake bukata ba, sa'an nan iskarsa tana ɗauke da tururin mai da hayaƙin janareta. Abin da taya za ta jure, huhu a mita 10 ba zai jure ba.

Abin da za ka iya a gida shi ne ka nemi kwamin iyo mai tsabta a Katsina ko Kano, ka riƙa motsa jiki da abin fuska da takalman iyo. Wanda ya shekara biyu bai nutsa ba kuma, darasin tuni yake fara yi da malami kafin ya koma zurfi.

Nutson gaske sai an yi tafiya. Ana yi a Legas, kodayake ruwan ba kullum yake washewa ba. In Allah Ya kai ka Umara, Jidda tana bakin Bahar Maliyar da ka sani. Wanda na fi so ka sa a ranka shi ne tafkin Malawi. Ƙasar Malawi ba ta da teku, kamar maƙwabciyarmu Nijar, tafkin kuma tsayinsa kusan ɗaya da na Daura, amma ruwan daɗi ne garau, cike da ɗaruruwan irin ƙananan kifaye masu launi, dangin karfasa, waɗanda ba a samunsu a ko'ina sai can. Ana koyar da nutso a garin Nkhata Bay. Can ma akwai tsargiya a wasu gaɓoɓin, sai ka je gwaji bayan ka dawo.

Duk inda ka je, ka tambaye su inda ɗakin matsin iska na jinyar masu nutso mafi kusa yake, tun kafin ka biya kuɗi. Kada kuma ka fito daga ruwa ka wuce filin jirgi: awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 in ka yi fiye da ɗaya ko ka jera kwanaki. Ni kwana guda cur nake bari kafin in hau jirgin dawowa Katsina.