Kafin ka ce suwica ta lalace

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce a ɗakin taron da na bar maka ka ƙarasa, laftof ɗin sakatare tana fita tas a talabijin ɗin gaba, amma majigin gefe sai ya ce babu sigina. Wani baƙo kuma ya zo da MacBook ya soka waya, mutanen da ke bin taron daga nesa ta bidiyo suka ce kore shar kawai suke gani. Kana tambaya ko ka kwance suwica, wato na'urar da ke karɓar hoto daga kwamfutoci ta raba wa talabijin da majigi, ka mayar wa mai shago ya canza mana. Kada ka kwance ko noti ɗaya. A duk abin da ka lissafa babu alamar lalacewa, saiti ne bai zauna ba.

Abin da ya sa kake zarginta shi ne kana kallonta kamar makunnin da ake juya gida da shi daga wutar gari zuwa janareta: ƙarfe ya taɓa ƙarfe, wuta ta wuce. HDMI, wayar da ke kai hoto da sauti daga kwamfuta zuwa allo, ba haka take ba. Ɗauki kan wayar ka leƙa cikinsa, haƙora 19 ne. Kana sokawa, kwamfuta ta tura bolt 5 ta haƙori na 18, allo ya amsa ta na 19 cewa yana nan. Sannan kwamfutar ta bi ta na 15 da na 16 ta karanto wata 'yar takardar bayani da ke ajiye a cikin allon, wadda ake kira EDID. A ciki allon ya rubuta sunansa, girman hoton da yake iya ɗauka, da irin sautin da yake ganewa. Sai an gama wannan gaisuwar kafin ɗigo ɗaya na hoto ya fito. To da ka sa suwica a tsakiya, kwamfuta ta daina ganin allo, suwica take gani, kuma duk abin da suwica ta faɗa mata shi za ta yarda da shi.

Yanzu dubi ɗakinka. Talabijin ɗin 4K ne, wato 3840 da 2160. Majigin kuwa 1280 da 800 ne. Suwicar tana nan a saitin da ta zo da shi daga kwali, tana kwafo EDID na talabijin tana miƙa wa laftof. Laftof ta ga an ce mata 4K, ta saki 4K. Ƙofa ɗaya ba ta fitar da hoto iri biyu a lokaci guda, suwicar kuma ba mai rage hoto ba ce, abin da ya shigo shi take rabawa. Talabijin ya karɓa, majigi ya ga abin da ya fi ƙarfinsa ya yi shiru. Shi ke nan ciwon.

Shiga shafin saitinta, ko ka juya 'yan maɓallan nan da ke bayanta in irin waccan ce, ka ɗaure kowace mashiga a kan EDID guda: 1920 da 1080, sau 60 a daƙiƙa. Duba littafin majigin tukuna ka tabbatar yana karɓar 1080, galibin masu girmansa suna karɓa su rage da kansu. Bayan ka canza, zare wayar laftof ka sake sokawa, domin ba ta sake karanta takardar sai an sabunta gaisuwa. Mai ɗaki zai iya cewa ai kuɗin 4K ya biya. Kada ka yi musu da shi. Buɗe masa jadawalin lissafi a 4K, ka roƙe shi ya koma kujerar ƙarshe ya karanta maka layi ɗaya. Rubutun yakan ƙanƙance har sai an kanne ido. A ɗakin da ake nuna rahoto da kasafin kuɗi, ni 1080 da ke fita kullum ya fi mini 4K da ke fita ran da ya ga dama. In kuwa lallai sai an ba talabijin 4K ɗinsa, to sai a sayo na'urar rage hoto a sa a layin majigi shi kaɗai, wannan kuma kuɗi ne da za a rubuta a takarda a sa hannu.

Kada ka manta da sauti a cikin EDID ɗin nan, nan ne yara da yawa suke kwana. Zaɓi PCM mai layi biyu, wato sautin da ba a dunƙule ba. Idan ka bar wanda ke cewa ana karɓar Dolby, wata na'urar za ta turo sautin a dunƙule, suwica kuma ba ta iya warware shi kafin ta miƙa wa amfilifaya. Sai ka ji lasifika tsit, ko ta riƙa shiii kamar ruwan sama, ka hau zargin wayar sauti ba ta ci ba ta sha ba.

Maganar MacBook daban ce. Akwai wani makulli da kamfanin Intel ya ƙirƙiro don hana kwafar finafinai, sunansa HDCP. Yawancin kwamfutocin Windows ba sa kulle hoto sai in abin da ake kallo mai kariya ne. Na Apple kuwa, da zarar sun ji na'urar da ke gabansu ta iya HDCP, sukan kulle komai, ko da rubutun ajanda ne. Talabijin yana da mabuɗi, shi ya sa ya nuna. Akwatin da ke ɗaukar hoto ya tura wa mutanen nesa ba a yarda ya karɓi kullallen hoto ba, sai suwica ta rufe wannan mafitar, wasu da baƙi, wasu da kore. Koren nan saƙo ne take ba ka. A mashigar tebur, inda baƙi ke sokawa, kashe HDCP. MacBook za ta ga babu mai mabuɗi, ta saki hoton a buɗe. Fim mai kariya ba zai yi ta wannan wayar ba, ka faɗa musu tun yanzu. Mashigar dikoda kuwa bar mata HDCP ɗinta a kunne. 'Yan akwatunan nan da ake tallatawa wai suna cire makullin gaba ɗaya, ba na sa su a aikin da sunana ke kai.

Ka ce kuma wani lokacin hoton yakan ɗauke na daƙiƙa biyu ya dawo. Wannan kam ina zargin hanya. Hoton 1080 yana cin kusan gigabit 4.5 a daƙiƙa, cikakken 4K kuwa kusan 18. Wayar HDMI ta gama-gari da ke kai 1080 mita 10 zuwa 15 lafiya, a 4K da ƙyar take wuce mita 5. Alamar wayar da ta kai bakin iyakarta ita ce fararen ɗige-ɗige suna ƙyalƙyali a inda hoton yake baƙi, matsa kusa da allo ka duba. Daga teburin nan zuwa kabad ɗin na'urori ya haura mita 20, shi ya sa muka sa HDBaseT, mai ɗaukar hoto da sauti da umarni a kan wayar Cat6, irin ta intanet, har mita 100. Amma karanta jikin kwalin, akwai ƙananan da iyakarsu mita 70 a 1080, mita 40 a 4K.

Wayar Cat6 ɗin da kanta fa? Fere bakin ɗaya ka kankare silin wayar da wuƙa. In ciki ya fito fari, alminiyam ce aka yi wa wankan jan ƙarfe, cire ta duka, ba ta da gyara. Za ta iya ɗaukar intanet ɗin ofis a lallaɓe, amma ba wannan aikin ba. Zallar jan ƙarfe muke so, mai sulke, kuma a haɗa sulken da kan ƙarfe a ɓangarorin biyu. Jerin launi iri ɗaya a kowane baki: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa, ƙasa. Kada ka warware murɗin ya wuce tsawon farce. Rarar waya kada ka naɗe ta gammo ka cusa a silin, yanke ta. Hau ka duba ko masu wayarin sun bi da ita bututu ɗaya da wayar wuta, in haka ne raba su da kamar santimita 30. Ka tsaya ka lura, in hoton yana ɗaukewa daidai lokacin da na'urar sanyaya ɗaki ta tashi, ka sami ɓarawonka.

In ka rasa inda matsala take, kada ka riƙa taɓa nan ka taɓa can. Riƙe gajeriyar waya ta mita 2 wadda ka tabbatar da lafiyarta, kullum tana cikin jakarka. Haɗa laftof da allo kai tsaye. Ya yi? Sa suwica a tsakiya da gajerun wayoyi. Ya yi? Sai ka ƙara doguwar hanya. Inda hoton ya mutu, nan gawar take. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Fitilun akwatin HDBaseT ma suna magana: a yawancinsu fitilar haɗi tana tsayawa cak in layi lafiya, ta HDCP kuma tana tsayawa in hoton a kulle yake, tana ƙiftawa in a buɗe yake, tana mutuwa in babu hoto sam. Kafin duk wannan ma, danna maɓallin Windows da P, sau da yawa mai kwamfutar ne ya bar ta a kan allonta kaɗai. Haka mai USB-C, ba kowace waya ko kowace ƙofa ke ɗaukar hoto ba, wasu caji kawai suka sani.

Wuta kuwa ka san halin da muke ciki. Duk lokacin da aka ɗauke aka tayar da inji, kowace na'ura tana farkawa a nata lokacin, majigi ya fi kowa nawa, gaisuwar ta rikice. Ɗaure EDID da ka yi ya rage rabin wannan. Sauran rabin UPS ne, irin wanda ba ya ƙiftawa yayin sauyi, a ɗora masa suwica da kayan sauti da akwatunan HDBaseT. In ka ji lasifika tana gurnani ƙasa-ƙasa, wutar 50 Hz ce ta sami hanya saboda kayan suna shan wuta daga layuka daban-daban. Mayar da su layi ɗaya mai wayar ƙasa ta gaskiya. Kada in ji ka karya dogon haƙorin filogi don gurnani ya tafi, ran mutum ne a kai. Ka bar tazara a saman amfilifaya don iska, kuma ka rubuta musu cewa da hunturu a riƙa busa ƙura daga matatar majigi.

Sauya-da-kanka da ka kunna, ka sake tunani. Tsarinsa shi ne wanda ya soka a ƙarshe shi ke da allo. A ƙaramin ɗaki na mutum shida yana da daɗi. A zauren da shugaba ke jawabi, wani ya soka wayar tebur don ya sami caji, sai ga saƙonninsa a gaban jama'a. Kashe shi a nan, ka bar musu maɓallai, ka manna wa kowanne suna da manyan baƙaƙe: Tebur, Mumbari, Dikoda. Kashe CEC, tsarin da na'urori ke ba juna umarni ta wayar HDMI, a talabijin ma, don kada wata na'ura ta riƙa kunna shi ko juya shi ba da izini ba. Kunna majigi da kashe shi ya bi ta layin umarni na RS-232, wayoyi uku ne kacal, a kan DB9, wato kan waya mai haƙora tara, haƙori na 2 da na 3 da na 5. In bai amsa ba, duba gudun a littafinsa, da yawa 9600 ne, sannan ka musanya 2 da 3.

In komai ya zauna, adana saitin a filashi, ka ɗauki hoton bayan kabad, ka lakafta kowace waya a bakinta biyu. Sannan ka nemo wanda ke buɗe ɗakin da safe, ba Oga ba, shi wanda mabuɗi ke hannunsa. Ba shi laftof, ka koma gefe ka rungume hannu, ya kunna, ya sauya daga tebur zuwa mumbari, ya kashe. Duk inda ya tsaya yana waige-waige, rubuta wurin, ka turo mini tare da hoton shafin EDID ɗin kafin ka baro ginin.